Gargaɗi Ga Masu Kiwon Kifi a Gaya da Ajingi: A Daina Zubar da Ruwan Tanki Ƙaf

Wannan kira ne ga matasan da suka gina tankin siminti ko suka kafa na tamfol a bayan gida suna kiwon tarwaɗa, daga cikin garin Gaya har Kademi da Shagogo, daga Ajingi har Toranke da Balare da Gafasa, da kuma iyayenmu mata da ake bar wa kulawar kifin idan mai gida ya tafi kasuwa. Sanyi ya kawo jiki, kuma akwai wata al'ada da za ta cinye muku jari a makonnin nan idan ba ku bar ta ba. Al'adar ita ce a buɗe bututu a zubar da ruwan tanki ƙaf, a bar kifi yana birgima a ƙasa, a dirje bango da buroshi, sannan a sako sabon ruwa da ƙarfi daga burtsatse ko tankin sama, gobe ko jibi a sake. Duk wanda ya yi niyyar yin haka gobe da asuba, don Allah ya dakata. Ya karanta wannan tukuna, ya kuma karanta wa maƙwabcinsa.

Ba a bakin wani na ji ba, a gidanmu aka yi. Wani hunturu da ya wuce ƙanena ya sayo 'ya'yan tarwaɗa, kowanne bai wuce tsawon ɗan yatsa ba, ya zuba a tamfol. Yaro ne mai tsabta, ba ya son ganin ruwa ya yi duhu. Kullum bayan sallar asuba sai ya zubar ya sake. A kwana na huɗu ya kira ni murya na rawa. Na tarar da kifin sun tsaya a tsaye a cikin ruwa, kai sama wutsiya ƙasa, wasu gemunsu ya yi fari ya lanƙwashe, wasu sun riga sun juya ciki.

"Yaya, wallahi ruwan tas yake," in ji shi. "Dubi, har ƙasan tamfol ɗin ana gani. Mutumin nan ne ya sayar mini da iri marar kyau."

Na sa hannu a ruwan, na ce masa, "Kai ne ka kashe su, kuma da wannan tas ɗin ka kashe su." Bai ji daɗin maganar ba, ni ma ban ji daɗin faɗarta ba. Ya tafi neman gira ya rasa ido.

Abin da ke kashe kifin shi ne sauyin da ya zo masa farat ɗaya. Mu mutane jikinmu yana riƙe zafinsa a kan digiri 37, ko ana hazo ko rana ta ƙwalle. Kifi ba haka yake ba. Zafin ruwan da yake ciki shi ne zafin jininsa, kuma da shi narkewar abincinsa da bugun zuciyarsa da ƙarfin garkuwarsa suke tafiya. Tarwaɗa ta fi jin daɗi tsakanin digiri 26 da 30. Idan ruwa ya sauka ƙasa da 20 sai cin abincinta ya ja baya sosai. Tana iya jure sanyi idan ya sauko mata a hankali cikin dare, amma idan aka ɗauke ta daga wani zafi zuwa wani a cikin minti goma, jikin ba ya samun damar gyara kansa. Masana kiwon kifi sun daɗe suna cewa kada bambancin ya wuce digiri 2 zuwa 3 a lokaci guda, ga 'ya'yan kifi ma gara kada ya kai haka.

To a duba yadda ƙasarmu take. A Disamba da Janairu daren Kano yakan sauka ƙasa da digiri 15. Tamfol ba shi da kauri, ruwansa yakan bi iska ya huce kafin asuba. Ruwan rijiya da na burtsatse kuwa kusan ba ya sauya ɗuminsa duk shekara, shi ya sa mai alwala da ruwan da aka jawo yanzu yake jin sa da ɗumi a tsakiyar hunturu. Ka zubar da ruwan da ya kwana yana sanyi, ka sako mai ɗumi: tsalle ɗaya ke nan. Wani kuma daga baƙin tankin roba da ke kan ƙarfe yake sakowa, wanda ya kwana a sama iska tana kaɗa shi, ya fi na tankin kifin sanyi. Wannan baƙin tankin dai, a watan Afrilu da rana ke wuce digiri 40, ruwansa da azahar ko wanka ba a iya yi da shi sai an sirka. Mutumin Gaya bai kamata a yi masa dogon bayani a kan wannan ba. Tarihi ya ce Abagayawa, maƙeran da suka fara zama a gindin Dala, daga nan suka tashi suna neman tama, kuma kowane maƙeri ya san ƙarfen da aka tsoma a ruwa ba a kan ƙa'ida ba tsagewa yake yi. Balle ɗan kifi mai tsoka da jini.

Wani zai ce ai kifin kogin Wudil ma ruwa yana sauya masa. Gaskiya ne. Tun da aka gina madatsar Tiga a 1974 da ta Challawa a 1992, ruwan da ke bi ta Wudil ya nufi Ringim da Haɗeja yana ƙaruwa yana raguwa gwargwadon yadda aka sako shi. Amma kifin kogi yana da gurbi mai zurfi da zai nutsa, yana da ciyawa, yana da gaba da baya. Na tanki bango huɗu gare shi. Abin da ka zuba masa, shi zai sha.

Zafi da sanyi ne kaɗai hannu yake iya ji. Sauran ba a ganinsu. Ruwan burtsatse daga ƙarƙashin ƙasa yake fitowa, inda bai haɗu da iska ba, saboda haka iskar oksijin da kifi ke shaƙa kaɗan ce a cikinsa, iskar da ke shaƙe numfashi kuwa takan yi yawa. Ido yana ganinsa garau, kifi yana jin kamar an rufe shi a ɗaki ba taga. Babbar tarwaɗa tana da wata gaɓa a cikin kai mai kama da reshen bishiya wadda take haɗiyar iskar sarari da ita, shi ya sa take daɗewa a kwandon masu kifi ba ta mutu ba. Wannan taurin ran ne yake ruɗin mutane. Ɗan kifi sai ya yi makonni da ƙyanƙyasa kafin gaɓar ta yi ƙwari, karfasa kuwa ba ta da ita sam. Wasu burtsatsen kuma akwai ƙarfe narke a ruwansu. Alamarsa a sauƙaƙe take: ka ɗebo a farin bokiti ka ajiye, idan ya kwana ya yi ja-ja ya bar tsatsa a gindi, to da a tanki ka zuba shi kai tsaye, a kan kunnuwan kifin tsatsar za ta kwanta, wato jan naman nan na gefen kai da yake numfashi da shi. Mai amfani da ruwan famfo ko na tanka ya tambaya ko an sa masa kilorin, domin abin da ke kashe ƙwayar cuta a ruwan sha yana ƙona kunnuwan kifi.

Sai maganar tsami da kanwa. Kowane ruwa yana da matsayinsa a wani ma'auni da ake kira pH, mai tashi daga 0 zuwa 14. Bakwai ce tsakiya, ƙasa da ita tsami, sama da ita ɓangaren kanwa. Taku ɗaya a wannan ma'auni ninki goma ne. Ruwan da kifi ya daɗe a ciki yakan karkata zuwa tsami sannu a hankali, kifin kuma ya saba da shi sannu a hankali. Dattin da kifi ke fitarwa ta kunnuwansa, wanda ake kira amoniya, yana da fuska biyu: a ruwa mai ɗan tsami yawancinsa a ɗaure yake, ba ya cutarwa sosai, amma da zarar ruwa ya koma ɓangaren kanwa sai ya kwance ya zama guba. A zafin digiri 25, idan ma'aunin yana kan 7, ɓangaren gubar bai kai kashi 1 cikin 100 ba. A kan 8 ya ɗan haura kashi 5. A kan 9 ya haura kashi ɗaya cikin uku. Wannan ne yake faɗa wa mutumin da ya bar tanki kwana goma bai taɓa ba, ranar da wari ya ishe shi ya kwashe kusan duka, ya bar baƙin gindin, ya sako ruwan da ya fi na da kanwa a kai. Da hannunsa ya kwance gubar. Wanda ya gina sabon tankin siminti ya fi kowa zama cikin haɗari, domin ɗanyen siminti yana tura ruwa can sama a ɓangaren kanwa. Sai an cika shi an jiƙa, an zubar, an sake, na tsawon makonni, kafin a sa rai a ciki.

Dirzar bango ita ma ɓarna ce. Santsin nan da ke maƙale a jikin tanki gida ne na wasu ƙwayoyin halitta masu amfani da ke cinye amoniya su mayar da ita abin da ba shi da kaifi. Sukan ɗauki mako 4 zuwa 6 kafin su kafu. Buroshi da omo suna share su cikin rabin awa. Ba za su iya ɗauke dattin tanki mai cunkoso su kaɗai ba, amma ma'aikata ne da ba ka biya, me ya sa za ka kore su kowace safiya? Sannan ga abin da ke faruwa da kifin kansa a lokacin da ruwa ya ƙare. Tarwaɗa ba ta da ɓawo, yauƙin jikinta shi ne rigarta. Tana gogar siminti, tana hawa kan 'yar uwarta, suna sokar juna da ƙayar da ke gefen ƙirji, duk a cikin taɓon kashi da rubabben abinci. Yauƙi ya tafi, fata ta buɗe. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga: bayan kwana biyu ko uku ka ga gyambo ja a jiki, ka ga farin abu kamar auduga, ka ga ciki ya kumbura, masu ƙarfi sun fara cin raunana. A lokacin an manta da ranar da aka zubar da ruwa, sai a ce annoba ce, ko a ce baki ne.

Na san abin da masu kiwo za su ce, kuma suna da hujja: "Malam, idan ba mu sauya ba wari zai kore mu daga gida, kifin ma ya mutu." Haka ne. Babu wanda ya ce a bar ruwa ya ruɓe. Ruwa ba ya tsami banza, bari mu lissafa abin da ke tsamar da shi. Tanki mai tsawon mita 3, faɗin mita 2, zurfin mita 1 yana cin lita 6,000, wato jarka 240 mai lita 25. A ce akwai tarwaɗa 500 a ciki, kowace giram 200, jimilla kilo 100. Idan ana ba su kashi 3 cikin 100 na nauyinsu, kilo 3 ke nan na abinci a rana. Kowane kilo na abincin kanti mai gina jiki yana barin kimanin giram 30 na amoniya a ruwa. Giram 90 ke nan kowace rana ta Allah, ban da kashi, ban da abin da ya nutse ba a ci ba, ban da hanjin kaji da wasu ke watsawa ɗanye. Irin wannan tanki lallai yana buƙatar ruwa mai yawa. Tambayar ita ce ta yaya ruwan zai shiga. Kwano uku na tuwo abincin yini ne, amma ba a ɗura wa mutum su a loma ɗaya.

Na kuma san dalilin da ya sa ake yin sa a loma ɗaya. Tun da aka cire tallafin man fetur a ranar 29 ga Mayu 2023, tayar da injin ban ruwa ya zama abin da ake lissafa wa minti. Mai janareta yana so ya kunna sau ɗaya ya gama. Mai jiran wutar lantarki idan an kawo ta ƙarfe biyun dare, a lokacin zai tashi ya sauya ruwa. Mai sola kuma sai rana ta take. Ba lafiyar kifi ce ke zaɓar lokacin ba, aljihu ne. Maganin wannan shi ne ma'ajiyar ruwa: wani tamfol ko buɗaɗɗen tanki a gefen na kifin, a ƙasa, a inuwa ɗaya. A cika shi duk lokacin da wuta ko mai ya samu, a bar shi ya kwana a buɗe. Cikin yini guda zafinsa zai daidaita da na tankin kifi, muguwar iska ta fita, mai kyau ta shiga, tsatsa ta kwanta, kilorin irin wanda aka saba sawa ya tashi. Kuɗin tamfol ɗaya bai kai asarar kifi ɗari da suka kusa shiga kasuwa ba. Wanda bai da halin tanki biyu, to bai da halin kifi 500. Ya rage su, ya sayar da manyan, ya raba sauran.

Daga gobe ga yadda za a yi. A ja ruwa daga ƙasa, inda datti yake kwanciya, da bututun gindi ko da tiyo, ba daga sama ba. Kada abin da za a cire a zama ɗaya ya wuce kashi ɗaya cikin uku, kuma kada bayan kifi ya taɓa fitowa sarari. Idan tankin ya cika da manyan kifi har hakan bai isa ba, a yi sau biyu a yini, ko a bar ruwa yana zuba siriri ta sama yana fita siriri ta ƙasa na tsawon awanni. Ga 'ya'yan kifi wannan siririn zubin ya fi komai, kuma kashi ɗaya cikin biyar ya ishe su a zama guda. Sabon ruwa kada ya faɗo kamar an fasa kwalbati. A toshe bakin tiyo da yatsa ya fita feshi, ko a huda gwangwani ya zama kamar ruwan sama, ko a sa shi ya bugi faranti ya watse, domin ya kwashi iska kafin ya sauka. A hunturu a jira hantsi ya dubi ludayi, tsakanin walaha da azahar. A bazara a yi da sassafe ko bayan la'asar sakaliya. Ma'aunin zafi irin na ruwa ba shi da tsada, amma kafin a saya, a tsoma hannu ɗaya a nan ɗaya a can: idan hannu ya ji bambanci, kifi ya ji ninkinsa. Kada a ba da abinci dab da sauyin ruwa ko da an gama nan take, a ba su awa ɗaya ko biyu su natsu. Ranar da hazo ya rufe gari kuma a rage abincin, tun da ba ci za su yi ba, ruwa kawai zai ɓata. Da dare a rufe rabin saman tankin da leda ko zana don ɗumi ya zauna, a bar gefe a buɗe. Bokitin kifi ya zama na kifi kaɗai. Wanda aka yi wanki da shi, ko aka dama maganin feshi a ciki, kada ya kusanci tanki.

Akwai lokacin da babban sauyi ya zama dole: idan guba ta faɗa, ko yaro ya zuba omo ko kananzir, ko an wayi gari kifi da yawa sun mutu sun fara ruɓewa. A nan ma ba a busar da tanki. A buɗe mafita a buɗe mashiga tare, ruwa yana wanke ruwa, har ya washe.

Masu tanki kusa da kogi ko fadama, a yi hattara da ruwan da ya ratso gonakin shinkafa da lambuna, musamman bayan an yi feshi ko an watsa taki, haka ruwan farkon damina da ke wanko duk abin da rani ya tara. Cika tanki ƙaf da irin wannan ruwa caca ce da dukkan jari. Masu ɗan akwatin gilashi na kifin ado a falo ko ofis, hukuncinku ɗaya ne da na masu tarwaɗa, naku ma ya fi tsanani don ruwan kaɗan ne: kwata a mako ya isa, kuma soson matacin a wanke shi da ruwan da aka ɗebo daga akwatin, ba a bakin famfo ba. Ruwan da aka cire kuma, don Allah kada a sake shi a lungu ya zama gidan sauro da abin faɗa da maƙwabta. Taki ne. A ja shi gindin zogale da ayaba da alayyafo.

Wanda ya riga ya yi sauyin yau, ya je ya duba yanzu. Idan ya ga kifi ya tsaya a tsaye a saman ruwa, ko yana gogar bango, ko ya taru a kusurwa ya ƙi abinci, ko gemu ya fara fari, kada ya sake zubar da ruwan da sunan gyara, nan ne ake ƙarasa su. Ya tsayar da abinci yini ɗaya ko biyu, tarwaɗa ba ta mutuwa don yunwar kwana biyu. Ya tsame matattun da wuri. Ya narka gishirin girki a bokiti, kimanin kilo 1 ga kowace lita 1,000, ya zuba a hankali yana zagaya tankin, domin gishiri yana sauƙaƙa wa kifin da ya galabaita. Kada ya fasa ƙwayoyin maganin nan ja-da-yalo ya watsa a ruwa don wani ya ce ya gwada. Ba sa gyara ruwa, suna kashe ƙwayoyin nan masu amfani, kuma kifin a cikin mutane zai ƙare. Idan mutuwar ba ta tsaya ba, ya ɗebi ruwan tankin a gora ɗaya, ruwan burtsatsen a wata, ya ɗauki kifi biyu masu sauran rai, ya nufi sashen noma na ƙaramar hukuma, ko malaman gona na KNARDA, ko tsangayar aikin gona ta Jami'ar Aliko Dangote da ke Wudil, ya nemi a auna masa.

Limamai, masu unguwanni da shugabannin ƙungiyoyin matasa, a taimaka a sanar da wannan bayan sallar Juma'a da kuma ranar kasuwa, kafin sanyin ya kai tsakiya. Masu sayar da 'ya'yan kifi kuma, duk wanda ya saya a hannunku ku gaya masa tun kafin ya ɗaura jarka a babur: idan ya isa gida kada ya juye su kai tsaye, ya riƙa ƙara ruwan tankin kaɗan-kaɗan a cikin jarkar na kamar rabin awa, sannan ya karkata bakinta a cikin ruwa su fita da kansu.